Makanikin da ya tada mani CD 175 ɗin Baba a Gusau

Jama'a wannan mashin tun rasuwar Baba yake jingine a zaure, Honda CD 175 mai silinda biyu, irin wanda aka daina ƙerawa tun 1979, tsatsa ta cinye shi har kik ɗin ma ko ka hau da ƙafa biyu ba ya motsi. Wurare uku na kai shi, kowa sai ya ce Alhaji ka saida ma 'yan gwangwan kawai ka huta.

Sai wani dattijo nan wajen Tudun Wada ya karɓa. Abin da ya burge ni bai taɓa guduma ba, fulogi ya kwance ya ɗura gas da baƙin mai cikin silinda ya ce in dawo bayan sati, wai in an buga fistan da ƙarfi bulok ke tsagewa, kuma ina za ka samu wani yanzu? Fistan guda ya ceto, ɗayan na hannu muka sawo, ya sa sabbin ringi, gasket kuwa da hannunshi ya yanka. Kafireta ya jiƙa ta kwana biyu cikin fetur.

Matsalarshi alkawali. Sati ukku ya ce, sai da muka share wata biyu, kullum "gobe in sha Allahu ɗana", waya kuma ba ya ɗauka sam. Wutar mashin ɗin ma volt 6 ce, fitila kamar aci-balbal, wannan ya ce haka aka yo shi.

Amma kuɗi wallahi bai tsauwala ba, kuma ranar Juma'a da mashin ɗin na je Kwatarkwashi na dawo, ko tari bai yi ba.