Garin dolomait na Samaru: yana aiki, amma ba da gaggawa ba

Wani shagon kayan gona a Samaru yana sayar da garin dolomait, wato niƙaƙƙen dutse da ake zuba wa gona don rage tsamin ƙasa, fari kamar alli, a buhu mai kilo 50. Na saya ne don gonar masarata da ke hanyar Shika, wadda muka daɗe muna zuba wa yuriya har ƙasar ta yi tsami. Ganyen ƙasa-ƙasa sun fara ratsin ruwan ɗorawa tsakanin jijiyoyi, alamar ƙarancin maganiziyam ke nan, wani sinadari da shuka ke buƙata.

Na watsa kafin ruwan fari, aka yi huɗa ya shige. A damina ta biyu ratsin ya ragu sosai, don haka kayan na gaske ne. Inda na ƙi shi ne maganar yaron shagon: "Baba, sati biyu za ka ga canji." Ina! Dutse ne aka niƙa, kalsiyam da maganiziyam a haɗe, ba ya narkewa da wuri.

Mu da muka koyar da ilimin duwatsu mun san taurin kan dolomait tun daga yadda yake samuwa. Tsofaffin duwatsun da suka kwanta a ƙarƙashin teku cike suke da shi, amma a tekun yau da ƙyar yake samuwa, alhali kowane kilo na ruwan teku na ɗauke da kusan giram 1.3 na maganiziyam. Wani masani a Amurka ya jira shekara 32 ya ga ko zai tsiro masa a kwalba, bai tsiro ba. Sai a 2023 masu bincike daga Amurka da Japan suka nuna dabarar tsirar da shi: a riƙa narkar da gurɓataccen saman ƙwayar dutsen da ke girma, ta sake hawa, a kuma maimaitawa.  

Buhun babu rubutun komai. Tsantsar dolomait na da maganiziyam kusan kashi 13 cikin 100, to nawa ne a cikin wannan? Mai shagon ya ce daga Edo ake kawowa, iyakar saninsa ke nan. Na matsa lemun tsami a kan garin, ya yi kumfa a hankali. Da farar ƙasa ce zalla da ya tafasa nan take.

Niƙan ma bai yi daidai ba. Da na tankaɗe da rariya, tsakuwa ta fito da yawa, ita kuwa sai ta shekara a ƙasa ba ta narke ba. Zan sake saye, amma sai an buɗe min buhu na murza da hannu kafin in biya.