Shafin fim na kyauta ko YouTube? Amsa ga Hajiya daga teburin gyaran waya a Adum

Wa alaikumus salam Hajiya, barka da yini. Na ga tambayarki tun da hantsi, aiki ne ya riƙe ni a shago. Kin ce autanki ya samo wani shafi a intanet mai ɗauke da kowane irin fim, na Amurka da na Indiya da na Turkiyya, ba a biyan ko pesewa, yana ta matsa miki ku daina wahala da YouTube ku koma can. Kina son sanin wanne ya fi, kuma ko da wata illa. Ni ba malami ba ne, mai gyaran waya ne, amma wayoyin da suka ziyarci irin shafukan nan a teburina suke kwana, don haka ina da abin faɗi.

Mu fara kawar da kalmar kyauta, domin ita ce ke ruɗa mutane. A Kumasi babu kallon kyauta. Ko layin MTN gare ki, ko Telecel da muka sani da Vodafone a da, ko AT da ake ce wa AirtelTigo a da, sai kin sayi data kafin hoto ya motsa. Netflix, masu nuna fim a intanet don kuɗi, da kansu sun faɗi lissafinsu: awa ɗaya a hoto matsakaici tana cin kusan giga 1, a hoto mai kaifi tana kai giga 3, idan aka rage shi zuwa can ƙasa kuma kusan 0.3. Fim ɗin Indiya mai awa uku ke nan yana iya lashe giga 9 idan ba a kula ba. To tambayar gaskiya ita ce, da datar da kika riga kika saya, wanne ne zai ba ki kallo mai yawa kuma ya bar miki wayarki lafiya.

A nan YouTube ya yi wa shafin autanki nisa. Idan kika taɓa alamar saiti a saman bidiyo, za ki ga lambobin kaifin hoto: 144, 240, 360, 480, 720. Ke ce mai zaɓa. A fuskar waya 360 ya wadatar, ana ganin fuskoki sarai, kuma awa guda tana cin wajen sulusin giga. Sannan tun 2015 aka buɗe wa Ghana damar ajiye bidiyo a cikin manhajar don a kalla daga baya ba tare da data ba, muddin mai tashar ya yarda. Abin da matata take yi ke nan: ta sayi bandul ɗin tsakar dare mai araha, ta jera abin da za ta kalla, kafin kiran asalatu duk sun sauka. Washegari tana suyar ƙosai tana kallo, ko an ɗauke wuta babu ruwanta in dai akwai caji.

Shafukan kyautan nan kuwa yawancinsu ba su ba ki wannan linzami. Wasu suna nuna lambobin, amma ki zaɓi ƙarami ki ga bai sauya komai ba. Fim ya tsaya a tsakiya, a sake lodawa, ya koma farko, datar da ta tafi ta tafi. Dalilin a fili yake. Google, wanda ya sayi YouTube a 2006, yana ajiye na'urorinsa a cikin kamfanonin sadarwa na ƙasashe, domin bidiyon da jama'a suka fi nema ya zo daga kusa. Shi kuwa shafin sata ba ma shi ke riƙe da fim ɗin ba. Taga ce kawai da ke leƙa wani rumbu a wata ƙasa mai nisa, rumbun ma yau yana nan gobe an rufe shi. Shi ya sa za ki ga an jera rumbu na ɗaya, na biyu, na uku a ƙarƙashin fim, yaro yana ta gwadawa kamar mai neman makullin da zai buɗe kwado.

Yanzu ga inda nake so ki saurare ni da kyau, don nan ne sana'ata. Ruwa ba ya tsami banza. Mutumin da ya kashe kuɗi ya kafa shafi mai dubban fina-finai bai yi don Allah ba. Talla yake sayarwa, kuma kamfanonin kirki ba sa kai tallarsu gidan ɓarawo. Sai ya rage masa masu caca, masu hotunan batsa, da 'yan damfara. YouTube ma yana da talla, har ta gundure ni wani lokaci, amma talla ce da ta bi ta hannun masu tacewa, kuma galibinta bayan daƙiƙa biyar kina iya tsallakewa. A can kuwa maɓallin kunna fim ɗin kansa tarko ne. Taɓawar farko ta buɗe shafin caca, ta biyu ta buɗe hoton da ba za ki so ki gani tare da ɗanki ba, sai a ta uku ko ta huɗu fim ya fara.

Wayoyin da ake kawo mini iri uku ne. Na farko, wanda shafin ya ce masa sai ya danna Allow kafin ya kalla. Ya danna. Abin da ya ba da izini a kai shi ne a riƙa turo masa sanarwa, daga ranar wayarsa ba ta hutawa: ka ci kyauta, wayarka ta kamu da cuta, wata tana jiranka kusa da kai. Wannan mai sauƙi ne, minti biyar a saitin Chrome na goge. Na biyu, wanda aka ce ya sauke manhajar shafin don ya fi sauri. Manhajar ba daga Play Store take ba, fayil ne da suke kira APK, kuma wayar da kanta sai da ta yi masa gargaɗi ya ƙi ji. Irin wannan manhaja tana neman izinin karanta saƙonni da ganin lambobin mutane. Me ya haɗa mai nuna fim da saƙonninki? A saƙo ake turo lambar tabbatarwa ta banki da ta WhatsApp. Na uku shi ne wanda ya fi ba ni tausayi, wanda aka ce ya saka lambar wayarsa don a tabbatar shi mutum ne. Wani ya wayi gari an yi masa rajistar wata hidima da ke zaftare masa kiredit kullum. Wani kuma bayan kwana biyu aka kira shi da murya mai daɗi, wai an tura kuɗi cikin MoMo ɗinsa, wato asusun kuɗi na waya, bisa kuskure, ya taimaka ya mayar. Wata 'yar kasuwa daga Asawase ta zauna a bencina tana hawaye a kan irin wannan. Jikanta ne ya ari wayar ya kalli fim, kuɗin cinikin mako guda suka bi iska. Ban iya mayar mata da komai ba, sai dai na wanke wayar na ce ta sauya lambar sirri.

Abin da ya sa nake jan maganar nan da ke musamman, Hajiya, na san wayar da kike karɓar kuɗin atamfa da ita ce auta yake ɗauka da daddare. A garin nan waya ba talabijin ba ce kawai, ita ce asusu. Garin neman gira kada a rasa ido.

Amma kada in zalunci yaron, akwai inda yake da gaskiya. Sabon fim na Amurka da ake ta maganarsa a majalisar shayi a Aboabo ba za ki same shi a YouTube ba. Idan kin ga an rubuta sunansa, ko dai guntu ne, ko an karkatar da hoton an ƙanƙance shi don a ɓoye wa masu shi, ko kuma a ce ki bi wata mahaɗa, wadda za ta kai ki irin shafin da muke magana. A wajen yawan kaya, shafin sata ya fi kowa, tunda bai tambayi kowa ba ya kwasa. Sai dai sabon da suke taƙama da shi sau da yawa da kamara aka ɗauko shi a cikin sinima, ana jin tarin mutane, kan wani ya gifta. Fassarar da ke ƙasan allo kuma tana gaba magana tana baya.

Kuma ba su da tabbas. 123Movies, wanda ya yi tashe a duniya, an rufe shi a 2018. Fmovies da ya gaje shi, 'yan sandan Hanoi a Biyetnam suka tarwatsa shi a 2024, tare da haɗakar manyan kamfanonin fim da ake kira ACE, wadda aka kafa a 2017. Duk lokacin da aka rufe babba, sai ƙanana su fito da sunansa, an ƙara harafi ko an sauya wutsiyar adireshin. Waɗannan na jabun sun fi na asalin haɗari, domin wasu ko fim babu a ciki, tarkon ne kawai.

Idan kuwa Hausa kike kallo, kamar yadda na sani, gardamar ta ƙare tun ba a fara ba. Masu shirya fim na Kano da kansu suka koma YouTube. Labarina yana fita a tashar Saira Movies, Izzar So a Bakori TV, Arewa24 ma tana da tata tashar. 'Yan Kumawood na nan garinmu haka suka yi bayan kasuwar faifai ta mutu. Ki tuna yadda ake tura baro cike da faifai a Kejetia ana kiɗa, yau ina suke? Idan kika kalla a tashar mai fim, kashi 55 cikin 100 na kuɗin tallar nan da ke ba ki haushi nasa ne, da shi zai biya 'yan wasa da mai kamara ya ɗauki kashi na gaba. Idan kika kalli abin nan dai a shafin sata, ko a tashar wani da ya kwafa ya sake ɗorawa, datarki ta ƙare daidai wa daida, amma mai guminsa bai ga ko sisi ba. Fatawa ta malamai ce, ni dai na san haƙƙi ba ya ɓata. Dokar haƙƙin mallaka ta Ghana ta 2005, wadda ake kira Act 690, ita ma ta hana kwafa da rarraba aikin wani ba da izininsa ba. Gane tashar gaskiya ba wuya: sunan kamfanin ne a kai, kashi-kashi suna fita a jere a ranarsu, ba a yanke farko da ƙarshe ba.

Kin kuma ambaci Netflix ɗin da babban ɗanki yake biya a Amurka. Wannan ba kyauta ba ne, don haka ba zan daɗe a kansa ba. Ya iso Ghana a Janairun 2016, babu tarko a ciki, hoto tsaf, ana iya saukewa a ajiye, akwai ɓangaren yara daban. Matsalarsa biyu gare mu: ana biya da katin banki, sannan fim ɗin Hausa a ciki bai taka kara ya karya ba. Tun 2023 kuma suka tsananta a kan raba asusu tsakanin gidaje, shi ya sa wani lokaci yake ce miki wannan na'ura ba ta gidan mai asusun ba ce. Masu tallan asusu mai rahusa a WhatsApp kuwa, ki bar su da kayansu. Ki biya yau, jibi an sauya kalmar sirri, mai sayarwa ya daina ɗaga waya. Auta zai iya kawo miki zancen Tubi, ya ce ai ga na kyauta na halal. Gaskiya ne, na kamfanin Fox ne tun 2020, da talla yake rayuwa, amma ba a buɗe shi a Ghana ba, kuma manhajojin kyauta da ake sakawa don a yi kamar ana Amurka su ma wata ƙofar ɓarna ce.

Da ni ne a gidanki, ga yadda zan yi. Wayar MoMo ba ta fim ba ce, ko da kuka ko da birgima. YouTube a kan 360, a kunna makunnin tace abubuwan manya da ke cikin saiti, a sauke da dare. Idan akwai wani shiri na Turawa da auta ya ƙwallafa rai a kai, yayansa ya biya masa wata ɗaya lokacin hutun makaranta, ya kalla ya ƙoshi, a dakatar. Ba aure aka ɗaura ba. Na san halin yaran yanzu, zai iya komawa shafin a ɓoye. To ya yi a tsohuwar wayar da babu layin kuɗi a ciki, kada ya danna Allow, kada ya sauke manhaja, kada ya rubuta lambar kowa.

Ki turo shi da wayar taki gobe bayan azahar in duba abin da ya riga ya shiga. Ina shago har ƙarfe shida, ban da Juma'a. Ya zo da cajar, kuma kada ki faɗa masa lambar sirrin MoMo wai don ya ba ni, ba na buƙatarta.