Shafin Constitute: Yana Da Amfani, Amma Ba Ya Ɗauke Da Hukunce-hukuncen Kotu

Tun 2013 wannan shafin intanet yake tattara kundin tsarin mulkin ƙasashen duniya, kuma kyauta ne. Ka zaɓi maudu'i, misali 'yancin addini, sai ya fito da sashen da ya yi magana a kai a kowane kundi. Kana iya jera kundi biyu kafaɗa da kafaɗa ka gwama su, nan kam ya yi zarra.

Inda gizo ke saƙar shi ne fassarar alƙalai. Ka karanta kundin Amurka daga farko har ƙarshe, ba za ka ga inda aka ce ƙarara kotu tana da ikon soke dokar majalisa ba. Shari'ar Marbury da Madison, wadda Kotun Ƙolin Amurka ta yanke a 1803, ita ce ta tabbatar da wannan ikon. Dole ɗalibi ya nemi rahoton shari'o'i daban. A kuma duba shekarar gyaran ƙarshe kafin a kafa hujja da kowane sashe.