Serato ko rekordbox: wanne ya fi gyara kiɗan da ke zamewa?

Wani ɗan'uwa a zauren nan ya kawo tambaya jiya. Da Serato yake aiki, manhajar da DJ ke haɗa waƙoƙi da ita a kwamfuta. Yana danna Sync, maɓallin daidaita tafiyar waƙa da waƙa, waƙoƙi biyu su tashi tare lafiya lau, amma kafin ya sauke ta farko sai ganguna su fara sukuwa kamar dawakin da suka saɓa ƙafa. An ba shi shawara ya koma rekordbox, wata manhajar mai irin wannan aiki, shi ne yake son sanin ko komawar za ta raba shi da matsalar.

Ɗan'uwa, ba za ta raba ka da ita ba, muddin ka tafi da waƙoƙin nan yadda suke. Sync ba ya jin kiɗa. Abin da yake bi shi ne layukan da manhaja ta zana a kan hoton sautin waƙa lokacin da ta tantance ta, layi ɗaya a kan kowane bugu, wanda muke kira girid. In layukan sun zauna a kan ganga, ganga za ta haɗu da ganga. In sun kauce, layi ne zai haɗu da layi, allo ya nuna maka komai daidai, masu rawa kuwa su ji akasin haka.

Kafin mu kwatanta, yi wannan gwajin. Ɗora waƙa ɗaya, ka faɗaɗa hoton sautinta, ka duba farkonta, sannan ka tsallaka kusa da ƙarshe. In tazarar da ke tsakanin layi da ganga iri ɗaya ce a wuraren biyu, girid ɗin ne kawai ya gota gaba ɗayansa. In farko daidai ne amma ƙarshe ya yi nisa, lissafin gudun waƙar ne, wato BPM, bai fita daidai ba. Bayanin da ka yi ya fi kama da wannan na biyun. Kuma kuskuren ba sai ya yi yawa ba: a gudun 120, rabin daƙiƙa ne tsakanin bugu da bugu. In manhaja ta karanta 120.2, bayan minti ɗaya an riga an sami saɓanin kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa, bayan minti biyu da rabi kuma rabin bugu cur.

A kan gyaran waɗannan matsaloli biyu, Serato da rekordbox kusan kunnen doki suka yi. A Serato ka shiga Edit Grid: Set yana dasa layin farko inda ka tsaya, Slip yana matsar da girid ɗin gaba ɗaya ba tare da taɓa gudu ba, Adjust kuma yana buɗe tazarar layukan ko ya tsuke ta. A rekordbox ayyukan nan duka suna ƙarƙashin GRID, da maɓallin dasa bugun farko, da na matsarwa, da na buɗewa da tsukewa. Tsarin aikin ɗaya ne: dasa layin farko a kan ainihin gangar farko, ka tafi ƙarshen waƙa, ka buɗe ko ka tsuke har layi ya hau ganga a can ma. Kuskuren da na fi gani shi ne mutum ya je ƙarshe ya yi ta matsarwa da Slip. Ƙarshen zai gyaru, farkon ya lalace. Ga amapiano da afirobit da waƙoƙin situdiyo da aka tsara kiɗansu a kwamfuta, wannan gyaran ya isa, kuma ba ya cin minti biyu.

Inda suka rabu shi ne kiɗan hannu, kuma nan ne mu masu aikin biki muka fi shan wuya. Makaɗin kalangu ba inji ba ne. Yana ɗaga gudu in fili ya yi zafi, ya lafa in mawaƙi zai yi kirari. Ga kuma tsofaffin waƙoƙin da aka kwafo daga kaset, waɗanda zaren kansa yake ja yana saki. Irin wannan waƙar ba ta da BPM ɗaya da za a nemo, duk yadda ka buɗe layuka ko ka tsuke.

rekordbox yana da hanyar tantancewa biyu, Normal da Dynamic. Normal yana ɗauka gudun bai canzawa. Dynamic yana bin waƙar yana sauya gudu wuri-wuri da kansa. Wannan sauƙi ne na gaske, ba zan rage masa ba. Sai dai in ganguna sun cakuɗe da tafi da guɗa yakan rikice, ya cika waƙar da sauye-sauyen da babu su, kuma in ka bar irin wannan waƙar a matsayin Master, wato wadda Sync ke bin gudunta, ɗayar ma za ta riƙa rawar gudu tana bin ta. Kada kuma ka bar Dynamic a kunne ga dukan waƙoƙinka. Na situdiyo Normal ya fi dacewa da su.

Serato da hannu ake yi. Kana bin waƙar, duk inda layi ya fara barin ganga sai ka danna Set a kan gangar, ya dasa sabuwar alama, girid ya ci gaba daga nan. Aiki ne mai cin lokaci, amma kowace alama kai ka san dalilinta. Ni na fi natsuwa da wannan, don ba dukan waƙar nake gyarawa ba. Gaɓar shiga da gaɓar fita kawai nake bi a tsanake, tunda a nan ake haɗawa. A rekordbox ma ana iya gyara daga inda ka tsaya zuwa gaba a bar bayan yadda yake, amma hannuna ya fi sauri a Serato.

Akwai abin da dukansu biyu suke tuntuɓe a kai. Da yawa daga kiɗanmu tafiyar uku-uku yake yi, manhajojin kuwa an gina su ne a kan kiɗan huɗu-huɗu. Sai ka ga waƙar da ƙafarka ke takawa a 90 an rubuta mata 135. Maɓallin ninkawa biyu ko rabawa biyu ba zai fitar da kai ba, domin alaƙar uku da biyu ce. Yi amfani da Tap, ka buga da yatsa yadda ƙafa ke takawa, sannan ka daidaita layukan.

Shi Sync ɗin ma iri biyu ne a kowanne. Smart Sync na Serato da BEAT SYNC na rekordbox suna manne waƙa da girid, don haka mummunan girid yana jan ka ƙasa. Simple Sync da BPM SYNC suna daidaita gudu su sakar maka sauran. Ga waƙar da ba ka gyara ba tukuna, koma Simple Sync ko BPM SYNC ka tura da hannu kana saurare.

In ma ka yanke shawarar komawa, ka san cewa Serato a cikin fayil ɗin waƙa yake ajiye girid, rekordbox kuwa a rumbunsa na daban, kuma ba ya karanta na Serato kai tsaye. Masu kwashe girid daga Serato zuwa rekordbox da wata manhaja sukan tarar wasu MP3 sun gota da kimanin kashi 26 cikin dubu na daƙiƙa, wanda ya isa kunne ya ji ganga ta zama biyu. Dalili mai ƙarfi na komawa rekordbox shi ne in kana zuwa wuraren da ke da CDJ, wato na'urar kiɗan DJ da ke karanta filashin da rekordbox ya shirya, kana son zuwa da filashi kaɗai.

In ba haka ba, zauna a Serato ɗinka. Ware waƙoƙi ashirin da ba ka tashi biki ba ka sa su ba, ka gyara su ɗaya bayan ɗaya da hedifon mai waya, don Bluetooth yana jinkirta sauti. Duk wadda ka gama ka sa mata kwaɗon kulle da manhajar ta tanada, don sake tantancewa kada ya share maka aikin.