Katin Sallar Umma, da hatimin da nake so a sassaƙo min

Assalamu alaikum Yaya. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata kuna lafiya, ke da maigida da yara. Ki gaishe min da Umma da kyau. Mu ma nan Manchesta lafiya lau, sai sanyi.

Kin tambaye ni a wane shago na sayi katin da na aiko wa Umma da ƙaramar Sallah. Ba saya na yi ba, da hannuna na yi shi a kan teburin kicin.

Wata dattijuwar Baturiya maƙwabciyata ce ta koya min. A watan Disambar shekarar da muka tare, na tarar an zuro min kati ta 'yar kafar wasiƙa da ke jikin ƙofa. Da na shafa sai na ji rubutun ya taso a ƙarƙashin yatsana, ga wata tauraruwa an yanke ta tsaf babu ko gezar almakashi. Na je yi mata godiya, ta ja ni ɗakinta na sama. Yaya, ɗaki guda ta ware wa wannan aiki!

Rubutu da adon katin da hatimi ake buga su. Hatimin da suke amfani da shi yanzu roba ce mai laushi, garai-garai, ana ɓare ta daga leda a manna a kan wani dunƙule mai kama da gilashi, don haka kina ganin daidai inda zai sauka a takarda. Tawadar a soso take zuwa, kuma iri biyu ce. Akwai mai ruwa-ruwa, takarda na shanye ta nan take. Akwai mai kauri da ke daɗewa ba ta bushe ba, ita ce ake barbaɗa wa wani gari tun tana ɗanya, a kakkaɓe ragowar, a hura masa iska mai zafi. Kina kallo garin zai narke, ya kumbura, ya koma kamar ruwan zinariya. Har yau in na zo wannan wuri sai na kira yara su gani. Yankan kuwa da wasu siraran ƙarafa ake yi, kowane da siffarsa: fure, ganye, wata, haruffa. A ɗora ƙarfen a kan kwali, a matse tsakanin faranti biyu, a tura cikin inji ana juya mariƙi, sak injin taliya 'yar murji na gidanmu. Nawa ƙirar Sizzix ne, na hannu na saya.

Kada ki ɗauka araha ce ta sa suke yi. In aka haɗa kuɗin inji, ƙarafa, tawada da kwali mai kauri, katin shago ya fi sauƙi nesa ba kusa ba. Abin da suke daraja shi ne a ce wance ta zauna ta ɓata yammacinta saboda ke. Kuma kaya a wadace suke. Manyan shaguna irin Hobbycraft layi-layi ne na takarda da tawada, kwalin ma an rubuta nauyinsa a jiki, ambulan kuma an yanka shi daidai da katin. Ki raba takardar A4 biyu, ki ninke rabin, zai shige ambulansa ba sai kin rage komai ba. Ki tuna wahalar da muka sha a Sabon Gari muna neman ambulan da zai ɗauki katin bikin autarmu.

Amma da na zauna na duba, ginshiƙin al'adar nan gidan waya ne. A 1840 aka fara kan sarkin kwabo ɗaya a ƙasar nan, a 1843 kuma wani mai suna Henry Cole ya sa aka buga katin Kirsimeti na farko na sayarwa, guda 1,000, kowane a kan sule. Tun daga nan kati da wasiƙa suke tafiya tare. Kowane gida da lambarsa, ma'aikaci yana bi ƙofa-ƙofa. A 2025 kan sarki mai sauri fam 1.70 ne, mai jinkiri kuma kwabo 87, muddin wasiƙar ba ta wuce giram 100 ba, kaurinta bai haura milimita 5 ba. Wannan ƙa'idar kauri ta taɓa kama ni. Na liƙa wa wasu katuna duwatsun ado da zare, ma'aikaciya ta gwada su a wata kafa da ke jikin ma'auni suka ƙi wucewa, na biya kuɗin babbar wasiƙa. Tun ranar nake yin ado shafal.

Mu fa da muna da tamu al'adar kati. Kin tuna katunan fatan nasara da na barka da Sallah da muke aika wa juna a makarantar kwana, ta akwatin gidan waya na ofishin Baba? Wani sai an gama jarrabawa yake isowa, amma har yau akwai biyu a ƙasan akwatina. Yanzu hoto ɗaya ake turawa mutum ɗari a WhatsApp. Na Umma ma sai da na jira mai tahowa gida na ba shi a hannu.

Inda nake jin rashi shi ne zane. Yawancin hatiman nan ƙanƙara ce, da barewa, da bishiyar Kirsimeti. Na Sallah kaɗan ne, su ma jinjirin wata da fitila da ƙubba, irin na Larabawa da mutanen Pakistan. Ban ga "Barka da Sallah" ko ɗaya ba. Haruffan ɗaiɗai da ake jerawa kuma babu ƙ, babu ɗ, babu ɓ. Da wata 'yar Zariya ta haihu a nan, na buga mata "Barka da ƙaruwa", sai da biro na lanƙwasa kan harafin. Ya yi, amma idona na kai wa wurin kullum.

Alhali gwanayen suna gida. Mai sassaƙa hatimi da ke zama a gindin bishiya kusa da kotu, da reza da guntun roba yake fitar da rubutu a juye, ba kwamfuta, ba inji, kina tsaye ya gama. Dukawan Kurmi suna buga ado a fata da ƙarfe tun kafin a haifi kakanninmu. Ga zayyanar allon sauka, da tawadar gawayi da ƙaro. Da na nuna wa maƙwabciyar tawa hoton allon saukar Yaya Babba, ta daɗe tana kallo, ta tambaya ko da ma'auni aka ja layukan.

Saboda haka ga roƙona. Ki sa a sassaƙo min hatimi uku: dagin Arewa, "Barka da Sallah" da boko, da kuma shi ɗin da ajami. Kada faɗin kowane ya wuce yatsu huɗu, kuma ki ce wa mai hatimin ya zurfafa sassaƙar, don in ta yi sama-sama tawada na cika tsakanin haruffa. Ya fara bugawa a takarda ki turo min hoto kafin ki biya. Ajamin kuma a kai wa malamin su Umma ya rubuta da hannunsa, mai hatimin ya bi sawu. Kuɗin zan turo ƙarshen wata, akwai mai dawowa nan kafin azumi, sai ki ba shi hatiman.