Man lanolin na kan nono: ya rage min zafi, amma ba shi ya warkar da ni ba

Masu jego da yawa suna tambaya ko man lanolin ɗin nan da ake sayarwa a manyan kantunan magani ya cancanci kuɗinsa. Na yi amfani da shi a haihuwata ta biyu, cikin hunturu, lokacin da kan nonona na hagu ya tsage har yana tsattsafar da jini. Ga abin da na gani.

Shi lanolin maiƙo ne da ake tacewa daga gashin tumaki bayan an yi musu sausaya. Wanda ake yi don masu shayarwa an tace shi sosai, ba a sa masa turare ko wani haɗi, shi ya sa ba sai kin goge ba kafin ki ba yaro nono. Waɗanda aka fi sani su ne na Lansinoh da Purelan na kamfanin Medela, akwai kuma na wasu. Ba zan tsaya kan suna ba, magana ce a kan man kansa.

Yana da kauri da danƙo, launinsa na ɗaukar ruwan ɗorawa kaɗan. Da sanyin asuba yakan daskare, sai kin matsa da ƙarfi kafin ya fito, sannan ki murza shi tsakanin yatsu biyu ya yi laushi. Idan kika shafa shi a daskare a kan fatar da ta riga ta tsage, za ki ji a jikinki. Ɗan kaɗan ya isa, bayan yaro ya gama sha.

Abin da ya yi min, gaskiya ya yi. Kafin na fara shafawa, tsagar takan bushe ta yi ɓawo tsakanin shayarwa da shayarwa, yaro na kamawa sai ɓawon ya ɓalle, a koma gidan jiya. Ga rigar nono da ke mannewa a wurin, cire ta ma sai na cije leɓe. Man ya hana wannan bushewar, fatar ta zauna da laushi, zugin da nake ji idan zane ya goge ni ya ragu ƙwarai. Yaron bai ƙi nono saboda shi ba. Illarsa a wurina ita ce yana barin tabon maiƙo a riga, wanda wanki ɗaya ba ya fitarwa, ga kuma tsada idan aka kwatanta da girman bututun.

Sai dai tsagar ba ta rufe ba. Ina shafawa, tana nan.

Ranar da muka je rigakafi ne wata ma'aikaciyar jinya, babbar mace, ta ga yadda nake runtse ido idan zan sa yaron a nono. Ta ce, "Mai jego, cire shi mu gani." Da na cire, ta nuna min kan nonon ya fito a lanƙwashe, gefe ɗaya a danne kamar bakin sabon janbaki. Ta ce wannan alama ce yaron kan nonon kaɗai yake kamawa, yana murza shi da dasashi, maimakon ya cika bakinsa da baƙin da ke kewaye. Ta gyara min zama, ta sa na juyo da cikinsa ya fuskanci nawa, na jira sai ya wage baki sosai sannan na jawo shi. Haɓarsa ta taɓa nono, leɓen ƙasa ya juyo waje, baƙin da ya rage a fili ya fi yawa ta sama. Na ce, "Sista, ai ban ji zafin nan ba." Ta yi dariya ta ce dama shayarwa ba yaƙi ba ce. Ta kuma koya min in zura ɗan yatsa a gefen bakinsa kafin in zare nono, kada in fizge. Daga nan tsagar ta fara haɗewa, ina ci gaba da shafa man.

Wannan ya yi daidai da abin da masu bincike na Cochrane, wata ƙungiya mai tantance binciken lafiya, suka fitar a 2014, da suka tattara gwaje-gwajen da aka yi kan mata masu ciwon kan nono. Ba su sami ƙwaƙƙwarar hujjar cewa lanolin ya fi a shafa ruwan nonon uwa a bar shi ya bushe ba, kuma yawancin mata zafin kan lafa cikin kwana 7 zuwa 10 bayan haihuwa. Ni dai na ji daɗinsa, amma wadda ba ta da halin saye kada ta ɗauka ta rasa magani.

Gwaggona da ta zo min wankan jego tun farko ta ce, "'Yar nan, ina ke ina man Turawa ga man kaɗe?" Ban raina maganarta ba, man kaɗanya mai tsabta yana tausasa fata. Abin da ya sa na yi baya-baya shi ne na kasuwa ba ki san hannun da ya bi ba, wani har da turare ake cakuɗa shi, kuma bakin jariri zai shiga. Inda muka sha bamban sosai da ita shi ne sabulu. Ruwan zafin wankan jego safe da yamma, ga sabulun salo, ga iskar hunturu, duk suna kwashe maiƙon da fatar wurin ke fitarwa da kanta. Ruwa kawai ya wadatar a kan nono. Da ƙyar ta yarda, tana ta mita.

Akwai ciwukan da wannan man ba zai taɓa ba ko kin shafe bututu guda. Idan yaro yana da linzami, wato fatar ƙarƙashin harshe ta ɗaure shi, yana iya ci gaba da jin miki ciwo komai gyaran zama, sai likita ya duba, ba wanzami ba. Idan zafin na ƙuna ne, yana ci gaba bayan an gama shayarwa, kuma bakin yaron na da fari-farin da ba ya goguwa, yana iya zama wata ƙwayar cuta da ake kira kandida, kuma ku biyun ake yi wa magani tare. Wata kuma kan nonon ne ke yin fari fat da zugi idan sanyi ya buge shi, saboda jijiyoyin jini sun tsuke. Ita ɗumi take buƙata. Nonon da ya kumbura ya yi tauri da zafi, ga zazzaɓi da rawar ɗari, wannan na asibiti ne a ranar. Wadda kayan ulu ke sa wa ƙaiƙayi ta gwada man a hannu tukuna, don daga jikin tumaki ya fito.

Wanda na fi so mata su riƙe bai ma shafi jego ba. Ƙaiƙayi da saɓar fata ko ɓawo a kan nono ɗaya kawai, wanda ya ƙi warkewa makonni ana ta shafe-shafe, musamman ga macen da ta manyanta, yana iya zama cutar Paget, wani nau'in sankarar mama da wani likitan Ingila, James Paget, ya bayyana a 1874. Ba ta da yawa, amma kamanninta da ƙyasbi ko borin fata ne ke sa a yi ta jinkiri. Haka jini da ke fitowa daga cikin kan nono ba tare da tsaga ba, ko kan nonon da ya shige ciki alhali da ba haka yake ba. Irin wannan ba a zuwa kyamis a ce a ba da mai.

Idan za ki saya, ki ɗauki ƙaramin bututu, don ni nawa ya yi saura har na koma shafa shi a leɓe da kaushin ƙafa. Ki duba a jiki an rubuta lanolin 100%, ki duba ranar lalacewa da hatimin baki, kuma ki riƙa canza ƙyallen da kike tare ruwan nono da shi da zarar ya jiƙe.