Kwarangwal na roba mai tsayin mutum: ya cancanci a saya don koyarwa?

Wannan kwarangwal da ake sayarwa don azuzuwan koyon aikin jinya da likitanci tsayinsa kusan santimita 170 ne, an yi shi da roba mai tauri, yana tsaye a kan sandar ƙarfe mai ƙafa biyar da tayoyi. A kwali yake zuwa gunduwa-gunduwa: gangar jiki, ƙoƙon kai, hannaye da ƙafafu. Haɗa shi ba wuya. A kafa gindin, a zura sandar ta ƙasan ƙugu, a ɗaura ƙafafu da hannaye da noti, kai ya zo ƙarshe. Inda ake yawan tafka kuskure shi ne musanya dama da hagu. Siririn ƙashin ƙwauri ta waje yake, babban yatsan ƙafa ta ciki. Idan tafin hannu na kallon gaba, babban yatsa waje yake nunawa.

Ƙashin baya ne ya fi komai kyau a jikinsa. Gaɓoɓin wuya 7, na ƙirji 12, na tsatso 5, duk sun cika, ga faifan roba mai laushi a tsakaninsu a madadin guringuntsi. Ɗalibi zai iya sa yatsa ya ji yadda gaɓoɓin ke ƙara kauri yayin da ake gangarowa, saboda na ƙasa su ke ɗauke da nauyin jiki. Gaɓa ta biyu a wuya tana da ɗan tsinin nan da ta farko ke juyawa a kansa, wanda da shi mutum ke girgiza kai ya ce a'a, kuma an fito da shi sarai. Haƙarƙari ma daidai: 12 a kowane gefe, 7 na sama sun isa ƙashin ƙirji kai tsaye, 3 sun rataya a guringuntsin na samansu, 2 na ƙasa ba su kama komai ta gaba ba.

Ƙoƙon kai kuwa sai a hankali. Murfinsa na cirewa, muƙamuƙi na buɗewa da sifirin, haƙora 32. Amma ƙasusuwa 22 da ke kan mutum, ban da muƙamuƙin, an zuba su a dunƙule, sai zanen ɗinkin da ke tsakaninsu kawai ake gani. Babbar ƙofar da laka ke bi ta fito da kyau, ƙananan ramukan da jijiyoyi ke ratsawa kuma wasunsu roba ta toshe su. Akwai kuma layin da injin zubi ke bari a jikin roba. Sabon ɗalibi kan ɗauke shi a matsayin ɗinkin ƙashi ko tsagewa, don haka malami ya nuna shi tun ranar farko. Ƙananan ƙasusuwan kunne guda 6 babu su. Wanda ya zauna ƙirga 206 ɗin da ke jikin baligi ba zai cike su a nan ba.

Hannu na da ƙasusuwansa 27, ƙafa 26, amma da waya aka ɗinke su, kuma wayar ta matse guda 8 na wuyan hannu har ba sa motsi. Sangalin hannu yana juyawa, ana ganin yadda ƙashin ɓangaren babban yatsa ke haye ɗan'uwansa idan an kife tafi, wannan abin yabo ne. Kafaɗa dai kar a yarda da ita: an ɗaure allon kafaɗa a jikin haƙarƙari ƙam, alhali a jikin mai rai zamewa yake yi duk lokacin da aka ɗaga hannu sama.

Ƙugun yawanci na namiji ne, mai ƙunci. Masu koyar da ungozoma su nemi ƙugun mace daban.

A nisanta kwarangwal ɗin da rana da zafi, don robar na lanƙwasa, ƙirjin ya karkace. A riƙa ƙara ɗaure notin kwatangwalo, a tura shi ta sanda ba ta hannu ba. Don sanin sunan ƙashi da mazauninsa ya wadatar. Darasin gindin ƙoƙon kai kuwa yana buƙatar ƙoƙo na musamman mai rarrabuwa.